Hoton da Ya Maƙale a Waya

Duk wanda ya tashi a Yakasai ya san Malam Ilu mai rediyo, ko da yake rabonsa da taɓa rediyo an kwana biyu. Suna ne ya bi shi. Ka san mutanen cikin gari, in suka liƙa maka suna, ko Makka ka je ka dawo sai dai su ƙara maka Alhaji a gaba, sauran yana nan yadda yake. Gajere ne kakkaura, ga tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, ga faɗa kamar an jiƙa barkono, amma faɗan ba ya kwana. Kakansa Babarbare ne da ya zo fataucin kanwa, ya ga Kano ya ƙi komawa. Ubansa dukanci ya yi a Kasuwar Kurmi, ya so ɗan ya gaje shi, sai dai Ilu tun yana yaro in ka ba shi fata sai ya ɓata ta, in ka ba shi mataccen rediyo sai ya tashe shi. Uban ya yi faɗan, ya yi dukan, ya gaji ya sallama.

A zauren gidansu ya buɗe shago, kuma da kunne yake aiki. Kafin ya kwance ƙusa ɗaya sai ya kara rediyon a kunne, ya lumshe ido, ya ce, "Ba ciwon komai gare shi ba, dalma ce ta saki." A buɗe kuwa a tarar haka ne. Duk ranar da aka wayi gari da kiɗan badujala a rediyo, to zauren Malam Ilu ne majalisar unguwa. A nan aka ji sojoji sun hau, a nan aka ji sun sauke juna, a nan aka ji sun yi alkawarin sauka sun fasa. Shi dai ba ya cewa uffan a kan mulki, sai dai ya daka wa mutane tsawa su daina taka masa wayoyi.

To, zamani ba ya tsayawa jiran kowa. Aka shigo da ƙananan rediyoyi na roba masu arha, waɗanda in sun mutu jefar da su ya fi gyaransu sauƙi. Zaure ya yi shiru. Malam Ilu ya yi fushi da duniya na ɗan lokaci, daga baya ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ya share zauren, ya sa tafireta da injin kwafe takardu, ya yi ta zarya a gidan waya har aka ja masa layin tarho. Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, shekarar ce ya ɗauko komfutar tebur ta hannu, ya shiga ajin yamma can wajen Ƙofar Kabuga, da furfurarsa da komai, ya koyi bugawa da yatsa biyu. Sannan ya sayo wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira modem, wanda ke ɗaukar maganar komfuta ya zuba ta a wayar tarho ta tafi duniya. In zai kama layi sai ya yi wani irin ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya yi shuuu, ya yi shiru. Masu fata da masu rini na Kurmi suka fara zuwa yana aika musu saƙo zuwa ga abokan cinikinsu na ƙetare. Ko a haka dai Ilu mai rediyo ake ce masa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na amininsa Bappa. Bappa Bafillace ne, dogo siriri, dillalin shanu, kuma tun makarantar allo suke tare. Ka san tsakanin Fulani da Barebari, ba a gaisuwa sai da tsiya. "Bawana, ka tashi lafiya?" in ji Bappa. "Da ban tashi ba wa zai ciyar da kai, ɗan nagge?" in ji Ilu. Haka suka tsufa. Amma duk wannan amincin, Ilu bai taɓa wuce soro na biyu a gidan Bappa ba, kuma ba wani abin mamaki ba ne a cikin gari. Namiji baƙo iyakarsa soro. Sai dai na Bappa ya fi na kowa tsanani, kuma da dalili.

Yana da ɗa namiji guda, Mikail, ɗan fari, wanda saboda kunya irin ta Fulani ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce "yaron nan". Mikail ya shiga jami'a a tsakiyar mulkin soja, ya shiga cikin ɗaliban da ke ɗaga murya. Wata rana da hantsi wasu masu kaki suka zo nemansa. Ba sallama, ba neman izini, suka ratsa soraye da takalmansu har tsakar gida, suka tarar da Hajo matar Bappa tana tsefe kai babu ɗankwali. Ba su samu yaron ba, amma abin da suka yi ya ishi Bappa. Da Mikail ya lallaɓo daga baya zai yi sallama ya gudu, uban ya tare shi a soro ya ce, "Ka jawo ƙartai sun ga tsiraicin gidana. Tafi. Ban yafe ba." Yaro ya tafi da wannan kalma a kansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tun daga ranar Bappa ya rantse babu namijin da zai ƙara taka tsakar gidansa, ko magini ne, ko mai yasar rijiya.

Shekaru suka shuɗe. Hawan jini ya kayar da Bappa, ɓarin jikinsa ya mutu, aka shimfiɗa masa katifa a soro na biyu don masu dubiya. Hajo ce ta ɗauki gidan da ƴan sana'o'inta na cikin gida. Kullum bayan la'asar Ilu yana zuwa ya zauna a gefen katifar, su yi tsiyarsu, shi da mai rabin baki.

Ana nan, wata safiya saƙo ya faɗo cikin komfutar Malam Ilu. Ya karanta layin farko, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Mikail ne! Yana raye a ƙasar Jamus, ya haɗu da wani baduku ɗan Kurmi a wajen baje koli, shi ya ba shi adireshin shagon. Ya ji labarin ciwon mahaifinsa, takardun zamansa ba su ba shi damar fita ba tukuna, abu ɗaya yake roƙo: Baba Ilu ya taimaka ya roƙar masa gafara tun ana da rai.

Ilu bai ko rufe shago ba, ya faɗa gidan Bappa yana haki. Bappa ya saurara har ƙarshe, idonsa a rufin soro. Can ya ce, "Rubutu kowa na iya yi."

"Haba Bappa! Wa zai zauna a Jamus ya ƙirƙiro maka ƙarya? Me gare ka?"

"Sau nawa aka zo aka ce an gan shi? An gan shi a Legas, an gan shi a Agadas, an ga kabarinsa a Kwatano. Ni ba na yafe wa takarda. Gani ya kori ji. Ka nuna min fuskarsa."

Taurin kan Bafillace, wallahi sai Allah. Ilu ya koma ya buga wa Mikail amsa da yatsunsa biyu: aiko hoto. Kwana kaɗan sai ga alamar saƙo ya iso akwatinsa a can kamfanin da ke ba shi intanet, saƙo ƙato, sunan Mikail a kai. Saura a jawo shi ta waya ya sauko cikin komfuta. A nan fa aka yi ta.

Dama layin Malam Ilu ya ɗan jima yana wasa da hankalinsa. Wata rana modem ya kama da ƙarfi, lambar gudunsa ta nuna dubu talatin da wani abu, saƙo ya wuce kamar walƙiya. Wata rana ya kama da dubu tara, ko ƙasa da haka, yana jan ciki. Gajerun saƙonni suna samu su kutsa, shi ya sa bai damu sosai ba. Amma hoto kaya ne mai nauyi. Wani shuɗin zare ne ke tafiya a fuskar komfutar daga hagu zuwa dama, in ya kai ƙarshe saƙo ya sauka. Sai zaren ya taso a hankali, ya yi tafiyar hawainiya, ya kusa rabi, sai ƙit, layi ya yanke. In an sake kamawa kuma ba daga inda aka tsaya za a ci gaba ba, a'a, daga farko. Ga shi wutar lantarki a unguwar ba a kawo ta sai da hantsi, kafin la'asar an ɗauke. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Babu abin da bai gwada ba. Ya canza igiyar da ta haɗa modem da bango. Ya cire kan tarhon da ke jone a layin, wai ko shi ke jan ƙarfin. Ya aro wani modem a wurin wani malamin jami'a, shi ma ya yi irin ta ɗan'uwansa. Malamin ya rubuta masa wasu haruffa da lambobi ya ce ya shigar, za su sa modem ya rage gudu ya daina yankewa. Ya shigar, gudun ya ragu, yankewar tana nan. Ya buga wa kamfanin intanet, suka ba shi wata lambar kira daban, suka ce nasu lafiya lau, ya duba layinsa. Ya roƙi a bar shi ya kai komfutarsa wani ofis mai tarho ya jona, mai ofishin ya ce ba da shi ba. Janareto kuwa ko sunansa ba ya son ji, tun ranar da na wani tela ya ƙona masa fuskar komfuta ta farko.

Sai ya koma kan ma'aikatan gidan waya. Ya yi sintiri, ya yi faɗa, ya yi lallashi, har suka zo ranar wata Juma'a da safe. Ɗaya ya hau turken da ke lungun baya ya jona abin gwajinsa, ya ce tas. Ɗaya ya gwada a bangon shago, ya ce tas. Suka miƙa wa Malam Ilu kan tarho ya saurara da kunnensa, wallahi tas, ko tari babu. Suka dube shi irin kallon da ake wa tsohon da ya fara ruɗewa, suka hau babur suka tafi. Ranar kuwa ko ƙyallin wuta ba a kawo ba, balle ya gwada. Washegari aka kawo wuta, layi ya koma gidan jiya.

Kullum bayan la'asar in ya shiga soro, Bappa ba ya tambaya. Kallon hannunsa kawai yake yi. Ya ga hannu wayam, sai ya mai da kai bango. Wannan kallon ya fi zagi ciwo. Ga jiki kullum ƙara ja baya yake yi, abinci sai an yi da gaske, tsiyar ma ta ragu. Ranar da Ilu ya shiga ya yi sallama Bappa ya amsa bai ce "bawana" ba, Ilu ya kasa zama. Ya fito ya tsaya a ƙofar gida yana zancen zuci: idan mutumin nan ya cika da kalmar nan a bakinsa, yaron can ya shiga uku, kuma a hannuna abin ya lalace. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba.

Da tsohuwar zuma ake magani. Washegari ya ture komfuta gefe, ya ce yau da kunne za a yi. Tarho ba ya buƙatar wutar lantarki, don haka da ya dawo daga sallar asuba ya ɗaga kan tarhon ya kara a kunne, ya lumshe ido. Tas. Rana ta fito ya sake ɗagawa. Tas. Da hantsi ya ɗaga, sai ya ji ƙasa-ƙasa wani caf-caf, kamar an jefa ƙosan farko a mai. Jim kaɗan suyar ta kankama. Haka ta yi ta yi har azahar, sannan ta fara lafawa, kafin la'asar ta ɗauke ɗif. Ya kwana ya sake gwadawa, haka dai. Ya zauna ya riƙe haɓa. Ciwon da ke zuwa da hantsi ya tafi da la'asar, ya kuma huta ranar Juma'a, ai wannan ba ciwon inji ba ne. Inji bai san Juma'a ba. Akwai hannun mutum a ciki.

Ya fita ya bi wayar da ido. Daga bangon shago ta hau rufin zaure, lafiya lau. Ya zagaya lungun baya, daga turke ta sauko ta haye katangar Bappa, lafiya lau. Tsakanin nan da can fa? Sai a lokacin ya tuna yadda aka ja ta. Ranar da aka zo jan layi, da yake ba a shiga gidan Bappa, dutse aka ɗaura wa bakin wayar aka wurga ta saman gidan, wani ya cafe a lungu, aka ɗaure nan aka ɗaure can, kowa ya kama gabansa. Katangar Bappa ta fi rufin zauren tsayi, kuma ko ba ta fi ba, wane mutumin kirki ne zai hau rufi ya leƙa gidan maƙwabci? Ma'aikata sun gwada kai, sun gwada ƙafa, cikin kuwa babu namijin da ya taɓa ganinsa.

Ya ƙwalla wa matarsa kira. "Mardiya! Shiga gidan Bappa ki dubo min wayar tarho, baƙa ce, ta ratsa ta saman tsakar gida. Ki ga ko wani abu ya taɓa ta."

Mardiya ta yafa mayafi ta shiga. Sai da suka gaisa da Hajo, suka yi jajen mai jiki, suka taɓa hirar bikin da za a yi a unguwa, sannan ta fito. "Malam, ni fa na ɗaga kai na duba sama ko'ina, babu wata waya."

"Kamar yaya babu? Aljanu ne suka sace tsakiyarta suka bar min baki biyu?"

"Oho. In ba ka yarda ba ka je ka gani da idonka."

Ta faɗa ne don ta san ba zai iya ba. Shi kuwa sai ya zura takalmi.

Ya tarar da Bappa ido biyu. Ya durƙusa a gefen katifa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Bappa, yau ba da wasa na zo ba. Hoton yaron nan yana maƙale a waya, kuma inda ya maƙale yana cikin gidanka. Ina neman izini in shiga."

Bappa ya juyo da ido ɗaya mai lafiya ya kafe shi da shi. "Ka san rantsuwata."

"Na sani. In kaffara ce ni zan ɗauke maka, in ciyarwa in azumi, malamai su faɗa. Waɗancan da takalmi suka shiga, ba sallama. Ni roƙonka nake yi."

Can Bappa ya ɗaga hannun da ke motsi ya bubbuga ƙyauren da ke kansa, ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Hajo! A kintsa. Namiji zai shigo." Daga ciki aka ji faɗuwar kwano, don rabon da a ji wannan kalma a gidan har an manta.

Ilu ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya yi sallama, ya sake yi, ya shiga kansa a sunkuye kamar mai neman allura. Sai da ya kai tsakiyar gida ya ɗago. Tirƙashi!

Taliya ce. Taliya ƴar murji, fara sol, ɗanya sharaf, an shanya ta reras daga wannan bango zuwa wancan, tana lilo kamar labule. Ga injin murzawa a ɗaure a bakin turmi, ga kwaɓin fulawa a roba an rufe da tsumma. Abin da aka shanya taliyar a kai kuwa, wayar tarhon Malam Ilu ce. Ruwan damina da zafin rana sun sa ta saki ta sauko daidai hannu. An ɗaure tsakiyarta da ƙusa a jikin bango don ta yi tsauri. Robar jikinta duk ta tsattsage, jan ƙarfen ya fito, ga danshin ƙullu mai gishiri ya kwanta a kai, ga nauyi yana jan wani tsohon haɗi da ya yi tsatsa. Ba shakka Mardiya ba ta ga waya ba. Ita sama ta duba, alhali da kanta ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashinta.

Malam Ilu ya buɗe baki zai yi faɗan da ya saba, sai dariya ta ƙwace masa, sai kuma ya ji ƙwalla. Wani irin sanyi ya sauko masa tun daga ka har ƙafa. Ashe abin mai sauƙi ne! Ashe ba a Jamus yake ba, ba a kamfani ba, yana nan taku kaɗan daga inda yake zama kullum.

Daga bayan labulen ɗaki Hajo ta ce, "Malam Ilu, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Hajiya. Wannan igiyar shanyar, tun yaushe kike amfani da ita?"

"Tun da tawa ta tsinke da damina. Na ga wannan ta sauko, ga ƙarfi, ba ta ci wa kowa komai ba. Na ɗauka tsohuwar wayar eriya ce da aka yar."

"Ranar Juma'a fa?"

"Ba na murji ran Juma'a. Wani abu ne?"

Ya rasa ta inda zai fara don kada ya ɗaga mata hankali, amma dole ya faɗa. "Hajiya, ta cikin wayar nan hoton yaronki zai biyo."

Sai ga salati. "Innalillahi! Ni ce? Ni na tare shi a hanya? Ni da nake kwana ina roƙon Allah ya kawo shi?" Ba ta san lokacin da ta banko labule ta fito ba, mayafi a karkace, ta hau kwashe taliya da hannu bibbiyu tana zubawa a tabarma, tana kuka, taliya na kakkaryewa tana cuɗewa, ko a jikinta. Ilu ya juya mata baya yana cewa, "Yi a hankali, Hajiya, ba laifinki ba ne, mu ne muka wurga abu gidan mutane ba mu faɗa ba." Ina, ba ta ma jin sa.

Ya aika Mardiya ta ɗauko masa tsohon akwatin gyaransa da ragowar sabuwar waya. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya, ya kankare bakin ƙarfen har ya yi ƙyalli. Ya tura tsohon ƙarfen dalmarsa cikin garwashin murhun Hajo, ya yi ja, ya liƙe haɗin nan biyu yadda ya saba liƙe cikin rediyo, ya naɗe da baƙin salatif. Aka samo doguwar gora ya tokare wayar ta koma can sama inda ko mai tsani sai ya yi da gaske. Kafin ya fita sai da ya ɗaura wa Hajo igiyar rama sabuwa a inda wayar take, don kada gobe a rasa wurin shanya.

Azahar ta gota, wuta na iya tafiya kowane lokaci. Ya koma shago da gudu-gudu, ya ɗaga kan tarho. Tas! Ya kunna, modem ya yi kukan kyanwarsa, ya kama da ƙarfin da bai taɓa gani ba. Shuɗin zare ya taso. Malam Ilu ya zauna ya dafe gwiwoyi, ba ya ko son yin numfashi da ƙarfi. Wani ya leƙo zai kwafi takarda, ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba, mutumin ya ja da baya. Zare ya kai rabi, inda ya saba mutuwa. Ya wuce. "Yawwa ɗan albarka, ci gaba," in ji Ilu, yana lallashinsa kamar jaki a kan gada. Ido ɗaya a kan zare, ɗaya a kan ƙwan fitila. Zare ya tafi, ya tafi, ya dangana da bango.

Hoto ya buɗe. Ga Mikail nan tsaye cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, ya yi ƙiba, ya tara suma, dogon hancin ubansa na nan ba inda ya je. A kafaɗarsa ga wata ƴar yarinya tana dariya da haƙora biyu. Ilu ya ce "Alhamdu lillahi" ya fi a ƙirga. Ya buga shi a takarda, baƙi da fari, ya ɗauko ta da zafinta.

Bappa ya karɓa da hannu mai lafiya. Ya kawo ta kusa da ido, ya nesanta, ya sake kawowa. Ya daɗe. Ilu na tsugune yana jira, ga motsin Hajo a bayan ƙyaure. Hawaye ya gangaro wa Bappa ta gefen da ya mutu, ya shige kunne. Ya miƙa takardar ta bakin ƙyaure, wani hannu mai fulawa ya karɓe, sai kuka ya tashi a ciki, irin na daɗi.

"Bawana," in ji Bappa.

"Na'am, ɗan nagge."

"Wutar nan tana nan?"

"Tana nan, amma ba ta da alkawari."

"To me kake jira? Tashi ka je ka gaya wa yaron nan na yafe masa, duniya da lahira. Ka ce shi ma ya yafe min." Ya numfasa, ya goge ido da bayan hannu. "Kuma ka ce ya je a yi masa aski."

Malam Ilu ya fita ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Ya zauna gaban komfuta, ya buga kalmomin nan yadda aka faɗe su, bai ƙara ba bai rage ba. Ya danna. Kafin ya gyara zaman tabarau saƙon ya tafi.